Fakej din rage kiba na dubu 185, ya kai kudinsa ko asara zan yi?

Maman Khairat:

Assalamu alaikum yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema kafin in tafka abinda zan zo ina cizon yatsa. Ni malamar makaranta ce a nan Unguwar Dosa cikin garin Kaduna, yarana uku, autar watanta 14 ban yaye ta ba tukuna. Lokacin da aka kaini dakin miji kilo 61 nake, shekaranjiya na hau sikeli a kemis din bakin layinmu wlh saida na sauka na sake hawa, 92, kuma ni ba doguwa bace tsayina santimita 160 ne. Ba ma maganar kwalliya kadai ba, ajina a saman bene yake, kafin in kai sama gwiwoyina sun dau ciwo ina haki kamar wadda aka koro, dalibai sai sannu malama sannu malama, abin har kunya yake bani. Ko sallah in nayi sujada sai na dafa kasa da hannu biyu nake iya mikewa.

To akwai wata baiwar Allah da muke guruf daya a WhatsApp, kullum sitatus dinta hotunan mata ne, ga ta da, ga ta yanzu, tumbi ya bace kamar an zuke. Nayi mata magana tace fakej din wata daya dubu 185 ne, a ciki akwai wani gari da ake damawa a sha a madadin karin safe da abincin dare, da shayi na lokacin kwanciya, da kafso biyu kullum, sannan za a sani a wani guruf mai koci da zata rika bibiyata, da takardar abinda zan ci da wanda bazan ci ba. Tace in na bi doka kilo 10 zuwa 15 zan zubar a wata daya amma wai anfi so ayi wata uku a jere don kada kibar ta dawo, in na wata ukun zan dauka zata min ragi ya koma dubu 500.

Karshen watan nan zan kwashi adashe dubu 200, da niyyata in cika in sayi firiza ta hannu in rika kankara da zobo tunda zafi na tafe. Ga kuma bikin kanwata saura sati goma an riga an fitar da anko, kuma kunsan yan uwa da baki, tun bikin bara ake min kirarin uwar gida sarautar mata ana dariya. Abban Khairat cewa yayi shi dai bai ce in rame ba, kudina ne inyi yadda naga dama, irin amsar nan ta maza da ba eh ba a'a.

Wanda ya taba sha ko ya san kan abin ya fada min tsakani da Allah, yana aiki? Kuma mai shayarwa zata iya sha? Ita dai tace min ganye ne zalla ba komai.

Ummu Sadiq:

Wa alaikumus salam. Maman Khairat rike kudinki tukuna kiji nawa labarin, ni ba ji nayi ba jikina ne ya gaya min. Bara nayi irinsa, ba lallai kamfani daya bane amma tsarin sak, gari, shayi, kafso, guruf. Wata biyu nayi, zobena na gwal na sayar na cika kudin. Satin farko kilo 3 suka tafi, murna kamar in taka rawa, na dauki hoton sikeli na tura guruf aka yi ta min tafi da masha Allah. Abinda ban tura ba shine yadda nake kwana a bandaki. Shayin nan in kika sha karfe tara na dare kafin kiran assalatu ciki ya fara murdawa kuma ba zuwa daya bane. Akwai ranar da barci ya kwashe ni ban sha ba sai na rama da safe, da la'asar zamu gaisuwar rasuwa Kawo, muna cikin keke gumi ya karyo min, saida na sa mai keke ya tsaya na roki wata mata da ban taba gani ba ta barni na shiga bayinta. Da na fada wa koci sai tace ai dattin shekara da shekaru ne yake fita in gode Allah. Ni kuma na yarda, kinsan wanda ya zuba kudinsa baya son yaji ance wayo aka masa.

A wata biyun kilo 7 na rage gaba daya. Kudi suka kare na koma tuwona, kafin wata biyar bakwai din sun dawo har da ribar biyu.

Amma ba wannan ne ya bude min ido ba. Wata rana ina gyaran durowa naci karo da takardar dokar da suka bani, na zauna na karanta a natse: ba suga, ba lemon kwalba, ba soye-soye, ba burodi, shinkafa ludayi daya da rana da ganye mai yawa, kada aci komai bayan magariba, ruwa da yawa, tafiyar kafa minti 30 kullum. Nace yau ga ikon Allah, to ai wanda ya bi takardar nan ko ruwan randa yake sha safe da dare dole ya rame. Me garin ya min kenan? Abinci biyu aka dauke min a rana aka bani kofi daya na abu mai kamshin banila. Yunwa ce ta ramar dani yar uwa, kudi na biya aka sa min ita.

Kuma daga sati na uku koci ta canza waka, kullum kiyi rajista ki zama dila, ki kawo mutum uku naki ya zama kyauta. Hoton da suka daukeni karshen wata biyun har yau yana yawo a sitatus din mutane, ba wanda ya dawo ya dauki na yanzu.

Anti Bilki:

Gsky Ummu Sadiq baki mana adalci ba. Ni ina sayarwa bana boyewa, kuma kafin in fara sayarwa saida na sha da kaina, kilo 14 na zubar a wata hudu kuma shekara guda kenan uku kacal suka dawo. Kin fada da bakinki kudi na karewa kika koma tuwonki, to laifin waye? Ko asibiti aka kwantar da mutum aka sallame shi ya koma abinda ya kwantar dashi ai ciwo zai dawo.

Kuma batun wai takardar kadai ta isa, to shekara nawa kowa ya san suga da maiko suna sa kiba, waye ya bari? Nasiha ta kyauta ba mai bi, a rediyo ma kullum ana yi. Amma ranar da mace ta cire dubu dari da wani abu daga jakarta wlh ko a gidan biki aka ajiye mata soyayyen nama sai ta tuna kudinta ta kauda kai. Ga koci tana tambayarki da safe me kika ci, turo hoton faranti, ga yan uwa a guruf kowa tana karfafa kowa, wannan ba aiki bane? Mu nawa ne muke sa leshi na dubu 150 muyi kwana daya dashi, ko waya, amma in akazo kan lafiya sai ace tsada. Namu yana da lambar NAFDAC a jiki, ba irin na masu tura baro bane a Kasuwar Bacci. Maman Khairat in kin tashi ki nemeni, nawa bai kai nata tsada ba.

MaiFamasi:

Salamu alaikum. Maman Khairat Allah Ya raya zuri'a. Ni aikina harhaɗa magunguna, na daɗe a bayan kanta a garin nan kuma da wuya sati ya wuce ba a zo min da irin kwalayen nan ana tambaya ba. Zan ɗan yi tsawo ku yi haƙuri.

Mu fara da lissafi tunda ke malama ce. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Kilo 15 kenan 115,500, a raba kwana 30, kullum sai kin ƙona 3,850 sama da abin da kika ci. Mace mai jikinki abin da take ƙonawa a yini gaba ɗaya tsakanin 2,000 ne da 2,500, ki ɗora 400 zuwa 500 na shayarwa. Ma'ana ko kin yi wata cur ba ki sa loma a baki ba, kitsen kilo 15 ba zai tafi ba. To me sikeli yake nunawa a satin farko? Ruwa ne. Jiki yana da ɗan rumbun sitaci a hanta da tsoka, kowane giram yana riƙe da ruwa wajen giram uku, da kin yanke tuwo da shinkafa rumbun ya ƙare ruwan ya bi fitsari. Ranar da kika koma ci ya dawo. Shi ne kilo ukun Ummu Sadiq na farko.

Shayin kuwa, yadda ta kwatanta shi, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya gane ɗan gida ne. Filasko ne, wanda masu Islamic kemis suke ce wa sanamaki, a jikin kwali za ki ga an rubuta senna. A babban hanji yake aiki, alhali abinci ya riga ya gama shiga jiki tun a ƙaramin hanji, don haka abin da yake fitarwa bayan gida ne da ruwa da gishirin jiki irin su fotashiyam, wanda zuciya take buƙata don ta buga daidai. Mu ma muna ba da shi ga mai taurin bayan gida, amma na 'yan kwanaki, ba wata uku kullum ba. Babu wani dattin shekara da shekaru da ya maƙale a ciki, aikin hanta da ƙoda kenan tun ranar da aka haife ki.

Kafson shi ne ya fi tayar min da hankali domin ba a san cikinsa ba. Akwai wani maganin rage ƙiba sibutiramin, yana kashe sha'awar abinci sosai, an janye shi daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Tun daga lokacin hukumomin magunguna suke ta kama shi a ɓoye cikin kafso da shayi da kofi da aka rubuta wa ganye zalla. Wasu kuma maganin sa fitsari suke zubawa. In mutum ya sha abu ya ji ƙirjinsa na dukan uku-uku, baki ya bushe, barci ya ƙaurace, to ya ajiye shi ya je a auna jininsa. Kuma ko da ganyen ne da gaske, ganye ba ya nufin ba illa, zaƙami ma ai ganye ne. A 2009 an janye Hydroxycut a Amurka bayan rahotannin lalacewar hanta, kuma a manyan shaguna ake sayar da shi ba a baro ba.

Anti Bilki, batun lambar NAFDAC. Yawancin kayan ganye lambarsu tana ƙarewa da harafin L, wato an duba an ba su izinin shiga kasuwa ta fuskar rashin cutarwa, ba wai an gwada an tabbatar suna yin aikin da suke faɗa ba. Ki juya kwalin naki, akwai ƙananan rubutu da yake cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin ba. Lambar ma ana buga ta bogi, sai an duba a Greenbook na hukumar a intanet a ga ko sunan kaya da lamba sun yi daidai.

Amma inda kike da gaskiya ba zan take ba. Bibiya tana aiki. Wanda yake da mai tambayarsa kullum ya fi wanda yake shi kaɗai ɗorewa. Garin da ake damawa shi ma yana sa a rame, amma ba don wani sirri ba, don kofi ɗaya bai kai malmala biyu da miya da man shanu nauyi ba. Dafaffen ƙwai biyu, ko alala ɗaya, ko kindirmo ba suga, aikin da za su yi kenan. Abin tambaya kawai, bibiyar ta kai dubu 185 a wata?

Magungunan rage ƙiba na gaskiya akwai su, kada a ce na ce babu. Orlistat yana hana wajen kashi ɗaya cikin uku na maiƙon da aka ci shiga jiki, sai dai in kin ci mai da yawa za ki gan shi a bayi har a wando. Akwai allurar semagulutaid, ita ce Ozempic ta masu ciwon suga da Wegovy da Amurka ta amince da ita don ƙiba a 2021, a gwaji mutane sun zubar da wajen kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a sati 68. Ki lura, sati 68, da allura mai ƙarfi kenan, ba kwana 30 ba. Kuma waɗanda suka daina, cikin shekara wajen kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar ya dawo. Tana da tsada, sai da likita, ba ta mai shayarwa ba ce, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunta, don haka wadda ake tallatawa a Instagram a yi nesa da ita.

Ke dai amsarki a taƙaice, kina shayarwa kada ki sha kafson da ba ki san cikinsa ba, abin da ya shiga jininki yana iya kaiwa ga nono, kuma yunwar dole da gudawa suna rage shi. Ciwon gwiwar ki ba raki ba ne, a ma'aunin ƙiba na nauyi da tsayi, kilo 92 a raba da mita 1.6 sau 1.6 ya ba da kusan 36, daga 30 ake kiranta ƙibar da ke son kulawar likita. Ki je asibitin Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho ko ma ƙaramin asibitin unguwa a auna jini da suga, ki faɗa musu in kina allurar tazarar haihuwa ta wata uku ko kina shan irin su firedinisolon, don suna sa ƙiba. Kada ki sa wa ranki 61. Kilo 5 zuwa 9, wato kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki, ya isa ki ji bambanci a jini da suga da hawa bene. Rabin kilo zuwa ɗaya a sati, sati goma kin ga inda ya kai.

Baban Walid:

Malama sannu da kokari. Ni namiji ne amma ku bari in sa baki don tumbi baya tambayar jinsi. Direba ne ni, Kaduna Abuja, wuni a zaune. Kilo 104 nakai har igiyar takalmi sai na rike numfashi nake daurawa. Nima an kawo min irin kayan nan a tasha, na tambayi kudin naji, nace wa yaron mafi karancin albashi a jihar nan dubu 72 ne, wato kana so in shanye albashin wani na wata biyu da rabi a kofi, Allah Ya sawwake.

Abinda nayi ba wani abin burgewa bane. Na zauna na kirga abinda nake zubawa ciki ba tare da na dauke shi abinci ba. Safe wajen mai shayi, kofi babba, madara da Milo da suga cokali hudu, burodi rabi, kwai uku da mai kamar za a yi wanka. Hanya maltina biyu, in zafi yayi lemo. Dare in na dawo indomi biyu a wajen mai shayin dai kafin in shiga gida kuma inci tuwon uwar gida don kada ayi fushi. Na yanke lemo da maltina gaba daya, suga ya koma cokali daya, indomin dare na sallame shi, tuwo malmala daya miya da yawa. Ranar da bani da lodi bayan asuba in tafi Murtala Square in zaga, akwai dattawa da yawa da suke zuwa har da masu ritaya, hira ma kadai ta isa ta fito da kai. Na kama azumin Litinin da Alhamis, lada biyu, amma fa a nan nayi kuskure da farko don in aka sha ruwa sai in rama har da na gobe, saida na koyi tsayawa. Wata takwas kilo 11. Akwai watan da ko gram bai motsa ba naji kamar in watsar.

Shawarata ki sayi firizarki. Zobon dai ki sayar wa mutane kada ki zama babbar kwastomar kanki.

DanKabala:

Ni bangaren kasuwancin nake kallo. Duk kayan da ake cewa kawo mutum uku naka ya zama kyauta, to kudin da kika biya ba na gari da shayi bane kadai, a ciki ake yanka wa wadda ta sayar miki, da wadda ta kawo ta, da ta sama da ita, har can kololuwa. Shi yasa suke tsada haka kuma shi yasa mai sayarwa bazata taba ce miki baki bukata ba. A Amurka a 2016 hukumar kare masu saye ta FTC ta sa Herbalife ya biya dala miliyan 200 ya kuma sake tsarin biyan dilolinsa, saboda an nuna wa mutane za suyi arziki alhali galibinsu basu samu abin kirki ba. Bance shine kamfanin da ake magana ba, tsarin nake nunawa. Mu da muka ga MMM a karshen 2016 in mukaji kawo mutum uku sai gabanmu ya fadi.

Hajiya Kaka:

Yata Maman Khairat, jikata ce take rubuta min ina fada. Ikon Allah, zamaninmu mace in tayi jiki cewa ake miji ya iya kiwo, amarya ma tsare ta ake a daki ana dura mata kunu da fura don ta cika ido. Har yanzu ba ga yan mata nan suna shan sha ka fashe kafin biki ba, fuska ta kumbura kamar an hura, bayan haihuwa biyu kuma su dawo neman na ramewa. Mai magani ya ci a shiga ya ci a fita.

Amma ban ce ki zauna haka ba tunda gwiwa ta fara magana, ni na san ciwon gwiwa, a kujera nake sallah yau shekara shida. Mu da muna surfe muna daka muna jan ruwa a rijiya, mu taka daga Tudun Wada har kasuwa mu dawo da kaya a ka, ku kuwa inji ya karbe muku komai, bakin layi ma sai keke. Ki koma miyar kuka da kubewa da taushe ki rage manja, kwadon zogale da rama ki cika faranti dasu kafin ki taba tuwo, wake kuma yana rike ciki. Acca ma ga ta nan ana kawowa daga kudancin jihar. Annabi SAW ai ya gama magana, kashi daya abinci, daya ruwa, daya numfashi.

Ki bari ki yaye yarinyar nan lafiya. Anko kuma tela ake ba ya yanka daidai jikin mutum, ba mutum ake yankawa daidai anko ba. Masu dariya ki barsu dani.

Anti Bilki:

Toh naji duk, amma mai famasi kai ma ai sayar da magani kake, kowa gonarsa yake karewa. Ni dai na san abinda na gani a jikina. Batun mai shayarwa kam ni ma bana ba su, wannan ita waccan ce tayi ganganci.

MaiFamasi:

Haka ne Anti ina sayarwa, shi ya sa ban ce ta zo ta sayi komai a wajena ba. Ki ɗauko hoton bayan kwalin kafson naki inda aka jera abin da ke ciki da lambar, ki sa a nan mu duba tare. Kuma ina da tambaya, a wata huɗun nan kin bi takardar ko ba ki bi ba?

Maman Khairat:

Jama'a na gode Allah Ya saka da alheri, Hajiya ina gaisuwa Allah Ya kara lafiya, maganar tela ta sani dariya har Abban Khairat yana tambaya lafiya.

Ga inda aka kwana. Na tura wa matar nace ta turo min hoton abinda ke cikin kafson, ta turo min hotunan mata shida da muryar wata tana godiya. Na sake tambaya tace sirrin kamfani ne. Nace to in ban rage kilo goman ba za a dawo min da kudina, tace ai ya danganta da yadda na bi doka. Daga nan ta koma cewa ragin gobe zai kare inyi sauri.

Jiya da na tashi daga makaranta na biya karamin asibitin unguwarmu aka auna ni, jini 148 bisa 94, nas din tace ya hau amma ba a yanke hukunci da awo daya, in dawo sau biyu cikin satin nan da safe, suga kuma in zo ban karya ba. Wlh jikina yayi sanyi, da yanzu na dora kafson nan a kai ban sani ba. Kuma eh ina allurar wata uku tun bayan arba'in, tace in fada wa likita in naje kada in daina da kaina.

Nayi irin kirgan Baban Walid kuma naji kunya. Shayi sau biyu suga cokali hudu hudu, lemo daya kullum lokacin tara, cincin a jaka, sannan duk abinda yara suka rage ni nake shanyewa wai kada ayi almubazzaranci. Yau kwana biyu ban sha lemo ba kaina har ciwo yake.

Matsalata yanzu biyu. Tukunya daya muke ci da maigida da yara kuma shi in miya ba mai yana yawo a sama cewa yake ta marasa lafiya ce, wadda ta san dabara ta fada min. Na biyu gaskiyar Anti Bilki ce, ni kadai bazan dore ba na san halina. Akwai wata a Unguwar Dosa ko Badarawa ko Malali da zamu rika fita tafiya bayan asuba kafin in shirya yara, ko minti talatin ne?

Ummu Sadiq:

Ni ina Badarawa. Miyar ki debi taki kafin ki zuba man karshe, nasa ki kara masa a kwano, haka nake yi yanzu bai ma lura ba. Tafiya kuma zan zo amma banda Laraba ina da Islamiyya da sassafe, kuma ki sa takalmi mai igiya ba silifas ba saboda gwiwar. Takardar dokar tana nan a durowa zan taho miki da ita, na riga na biya mana kudinta.